Yadda Za Ka Mayar da Mafarkinka Hoto

Kwanaki na yi mafarki ina tafiya a kan ruwa, marigayiya kakata tana gabana, ba ta waiwayo ba. Ina farkawa na rubuta shi, don mafarki kafin ka gama alwala ya gudu. Darasi na farko ke nan: ajiye littafi da biro kusa da filo.

Na biyu, kada ka ce sai ka ɗauki mafarkin dukansa. Zaɓi abu ɗaya ko biyu. Ni na zaɓi ruwa da bayan mutum.

Na uku, nemi wurin a yankinku. Na je dam ɗin Tiga a Bebeji da hunturu, kafin rana ta fito, hazo ya haɗe ruwa da sama. Ƙanwata ta yafa farin mayafi ta juya baya. Na jingina waya da dutse, na sa kyamara ta buɗe daƙiƙa ɗaya, sai ruwan ya fito kamar hayaƙi. Ɗan Doguwa kuma, ga duwatsun Riruwai.

Da na nuna wa Umma hoton, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan Inna."