Yadda Ɗan Damagaram Ke Fita Karatu Waje

Ranar da sakamakon bak, jarrabawar gama lise, ya fito, ɗan yayata ya faɗo gidanmu da ke Birni ko sallama bai gama ba. "Kawu, na samu, har da mansiyo!" Kafin a kira la'asar ya riga ya zaɓi ƙasashe uku: Turkiyya, Aljeriya, Kanada. Na ce madalla, je ka ɗauko mini takardar haihuwarka da takardar makin bak. Da na jera su a kan tabarma sai ga sunan mahaifinsa iri biyu: a ɗaya Aboubacar, a ɗayar Boubacar. Harafi guda ne, amma shi ya ci mana mako uku muna zarya tsakanin ofisoshi kafin a gyara.

To, daga nan ake farawa. Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a garin nan. Tun zamanin Sarki Tanimu almajirai ke yin gabas zuwa Barno ko su gangara Kano, guzurinsu allo da buzu. Na yau guzurinsa dosiye ne, dosiye kuwa ba ya yafe kuskure. Sai a tara takardar haihuwa, ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta ga wanda ba a rubuta shi da wuri ba, da takardar zama ɗan ƙasa, da takardar kotu mai shaida ba a taɓa ɗaure mutum ba, da makin aji ukun lise, da shaidar bak, da katin rigakafin shawara. A duba suna da ranar haihuwa a kowace, harafi bayan harafi. Takardar kotun nan ta rashin ɗauri wata uku kawai take aiki, don haka ita ake nema daga ƙarshe. Kowace takarda a yi mata kwafi da yawa a kai meri, ofishin magajin gari, a buga hatimi, ta asali kuma ta zauna a gida cikin leda har ranar tafiya. Fasfo shi ne mai jan lokaci. Wanda ke da niyya ya nema tun yana ajin ƙarshe, kada ya jira sai an kira sunansa.

Kafin a zaɓi ƙasa, akwai tambayar da yara ba sa son ji: in ka dawo, wa zai karɓi takardar? Duk digirin da aka yi a waje sai an auna shi da na gida kafin a shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, kuma ofishin bak da ke Yamai, OBEECS, shi ke da wannan aiki. Jami'o'inmu, daga Abdou Moumouni ta Yamai har André Salifou ta nan Damagaram, suna bin tsarin lisans shekara 3, masta shekara 2, dakta shekara 3. Ƙasashen da ke cikin CAMES, majalisar da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, suna da ma'auni guda, shi ya sa takardar jami'ar gwamnati ta Dakar ko ta Wagadugu ba ta cika ba da wahala ba. Makarantar kuɗi kuwa, a kowace ƙasa take, sai an bincika ko gwamnatin ƙasar ta amince da ita, da kuma fannin da za a karanta, domin akan amince da makaranta a ƙi wani sashe nata. Na san wanda ya yi shekara huɗu a wata makarantar kuɗi a bakin teku, ubansa ya sayar da shanu biyar, ya dawo da takarda mai zanen zinariya wadda babu ofishin da ya yarda ya karɓa. Yanzu yana sayar da kayan waya a kasuwar Dole.

In an wuce wannan, sai a zaɓi ƙofa. Mafi arha ita ce ta burs, tallafin karatun da ƙasashe abokai ke ba Nijar, irin su Aljeriya da Maroko, wadda ke bi ta hukumar ANAB. Maki da shekarun haihuwa ake dubawa. A nan mansiyo ke amfani: 12 cikin 20 mataki ne, 14 wani, 16 kuma ba a magana. Sanarwar takan fito bayan bak, wa'adinta gajere, Yamai kuma kusan kilomita 900 ce daga nan, kwana guda cur a cikin kar. Wanda dosiyensa ke haɗe tun kafin sanarwa shi ke cin wannan kasuwa. Amfanin ƙasashen Magarib shi ne fannonin kimiyya da fasaha sun daɗe ana koyar da su da Faransanci, yaro ba zai ɓata shekara yana koyon harshe ba. Sai dai ya tanadi rigar sanyi ta gaske, hunturun can ya wuce namu nesa.

Turkiyya ta intanet ake nema kai tsaye, kyauta, ba ɗan tsakiya. Ana buɗewa 10 ga Janairu a rufe 20 ga Fabrairu, ɗan ajin ƙarshe ma yana iya nema kafin ya zauna bak. Abin da ɗan yayata bai sani ba ke nan: a Yuli ya zo mini da maganar, ƙofar ta rufe da wata biyar. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21, makinsa ya kai kashi 70 cikin 100, mai son likitanci kashi 90. Wanda aka ɗauka ana biya masa makaranta da ɗaki da jirgi da kuɗin aljihu, amma shekarar farko ta Turkanci ce zalla. Duk wanda ya ce a ba shi jikka ɗari ya samo wa yaro gurbi a can, mayaudari ne.

Ƴan makarantun Faransanci da Larabci nasu hanyoyin daban: Azhar a Alƙahira, Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, ko ta Say a nan gida, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashe da dama. Su ana neman fassarar takardu zuwa Larabci daga tafintan da kotu ta rantsar, da wasiƙar shaidar hali daga malami ko ƙungiyar da aka sani. Sudan da ta ɗauki yaranmu shekara da shekaru, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe ta. Faransa ma tun da ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024, neman bizarta ya zama sai an je wata ƙasa, da kuɗin mota da na masauki a kan mai nema.

Saura Najeriya, wadda na fi son in tsaya a kanta, domin ita ce ke ruɗin mutane. Kano kilomita 240 ce ko kusa da haka. Ka yi kari a unguwar Zango, ka bi ta Matamaye ka ƙetare zuwa Daura, ka yi azahar a Kano, ba wanda zai ce maka baƙo, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Sai yaro ya ɗauka shiga Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ta Zariya ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kamar shiga gidan gwaggo ne. A bakin ƙofar ofis zumuncin ke ƙarewa. Can shiga jami'a ta hannun hukumar JAMB ake yi, kuma abin da suka saba gani shi ne sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Namu yaron ya yi shekara 13 a makaranta kafin bak, nasu 12, amma takardarsa da Faransanci take, magatakarda bai san mene ne seri D ba.

Hanya biyu ce. Ko a fassara bak da makinta zuwa Turanci a wajen tafinta mai hatimi, a nemi ma'aikatar ilimi ta tarayya da ke Abuja ta tantance ta, sannan a je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar a ji a wane aji za su sa mai ita, domin kowace jami'a da kowane sashe da nasu sharaɗi. Ko kuma yaro ya zauna Kano ko Katsina shekara guda, ya koyi Turanci sosai, ya rubuta jarrabawar da ake yi wa masu zaman kansu a ƙarshen shekara, ya bi layi kamar kowa. Ni ta biyun nake ba mutane shawara, ko da ta fi tsawo. Hausa za ta kai ka kasuwar Kwari ta dawo da kai, amma malamin kimiyyar sinadarai ba zai yi maka lacca da ita ba.

Akwai wata gajeriyar hanya da ake raɗa wa iyaye, kuma gara in faɗe ta a fili. Da yake kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan ƙasa, sai a ce a samo wa yaro takardar asali ta wata ƙaramar hukuma a Katsina ko Jigawa, Ousmane ya koma Usman, a sake masa ranar haihuwa. Shekara huɗu lafiya lau. Ranar da ya dawo ya ajiye digiri kusa da bak a teburin masu auna takardu, sai a ga mutum biyu ne, ba kuma kotun da za ta haɗa su. Rangwamen da aka samu bai kai wannan asarar ba.

A sa yajin aiki ma a lissafi: a 2022 malaman jami'o'in gwamnatin Najeriya sun yi wata takwas ba karatu. A sa siyasa: an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Har yanzu ana shige da fice, amma ɗalibi ya riƙe fasfo da takardar shaidar makaranta a jikinsa, ya daina dogara da cewa jami'in kan iyaka ya san babansa. Abin dariya, a hanyar nan za ka yi kiciɓis da ƴan Kano da Kaduna suna tahowa Maraɗi karatu a jami'ar Maryam Abacha, kowa na ganin hanyar wani ta fi tasa sauƙi.

In takardar karɓa ta zo, sauran aikin na kuɗi ne da na mutane. Ko mai burs ya tafi da abin da zai riƙe shi wata uku, domin kuɗin farko bai cika zuwa da wuri ba. A nemi lambar shugaban ƙungiyar ɗaliban Nijar na garin da za a je, su ke tarbar sabo a tasha, su san unguwar da haya ke da sauƙi. Da isa, a yi rajista a ofishin jakadancin Nijar, a nemi takardar izinin zama kafin biza ta mutu. A ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a waya da kuma imel.

Ɗan yayata dai Aljeriya ta ɗauke shi, fannin man fetur, yana hangen matatar SORAZ da ke arewa da gari. Daren tafiya uwarsa ta cika masa jaka da kilishi da dakuwa da garin yaji har zip ya ƙi rufuwa. Na ciro ledar takardun daga ƙasan jakar na miƙa masa. "Wannan a ƙirjinka za ta kwana, ba a bayan mota ba." Ya ce to, Kawu, ya cusa ta cikin riga. Ƙarfe huɗu na asuba kar ɗin Yamai ta tashi.