Yadda Ake Shirya Tafiya Daga Mahuta Zuwa Ikwatoriyal Gini

Ikwatoriyal Gini ita ce ƙasa mafi kusa da Najeriya da ake magana da Sifaniyanci, kuma ta sami 'yancin kai daga Sifaniya ranar 12 ga Oktoba, 1968. Ba ita ce Gini mai babban birni Konakiri ba, ba kuma Gini Bisau ba. Manyan sassan ƙasar biyu ne: tsibirin Biyoko, inda birnin Malabo yake, da ɓangaren tudu tsakanin Kamaru da Gabon, inda Bata take. Biyoko shi ne tsohon Fanando Po, inda dubban 'yan Najeriya suka yi ƙwadago a gonakin koko, har aka kwaso su gida a 1975 da 1976 saboda gallazawar mulkin Shugaba Masiyas Ngema. Tun da aka fara haƙo man fetur a shekarun 1990, ƙasar ta sake jan 'yan kasuwa, magina da direbobi. Akwai Hausawa mazauna Malabo da Bata tun zamanin Turawa.

Mataki na farko shi ne fasfo, kuma a nan ne mutumin Kebbi, irin ɗan Mahuta, ya fi saurin yin kuskure. Ya saba da shiga Nijar ko Benin ta Kamba ko Lolo ba tare da biza ba, domin dokokin yankin Afirka ta Yamma sun sauƙaƙa zirga-zirga. Ikwatoriyal Gini kuwa ƙasar Afirka ta Tsakiya ce, ba ta cikin ECOWAS, saboda haka takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da katin ɗan ƙasa ba sa shigar da kowa. Dole sai fasfo na ƙasa da ƙasa. Ana cike takardar nema a biya kuɗin ta intanet, sannan a je ofishin Hukumar Shige da Fice a Birnin Kebbi domin ɗaukar hoto da zanen yatsu. Daga Mahuta ana bin hanyar Koko, a yi arewa ta Jega. Kafin a tashi, a tabbata suna da ranar haihuwa da ke kan lambar NIN sun yi daidai da na takardar haihuwa harafi da harafi. Idan an rubuta Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da aiki makonni. Mai tsohon fasfo ya duba ya ga saura aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, da shafuka biyu da ba a buga musu hatimi ba.

Daga nan sai allurar shawara da katinta mai ruwan ɗorawa. Jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa, waɗanda ke filayen jiragen sama irin na Abuja da Legas, su ne ke bayar da katin. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Sayen kati a hannun 'yan cuwa-cuwa ba tare da allura ba cutar kai ce, domin sauron da ke yaɗa shawara ba ya duba takarda.

Biza ita ce zuciyar shirin duka. Ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja, kuma tun 2023 an buɗe hanyar nema ta intanet. Yawanci akan buƙaci fasfo, hotuna, katin shawara, tikitin zuwa da dawowa, shaidar masauki ko takardar gayyata daga mazaunin ƙasar, da shaidar cewa mutum yana da abin da zai ci da kansa. Sharuɗɗa da kuɗi suna sauyawa, shi ya sa tambaya a ofishin da kansa ta fi jin ta bakin dillali. Bizar ziyara ba izinin aiki ba ce, ba kuma izinin zama ba. Hukumomin ƙasar sun sha yin samame suna kama baƙin da ba su da cikakkun takardu, su tsare su, su mayar da su ƙasashensu. Matashin da aka ce masa ya sayar da shanun huɗa ko buhunan dawa ya biya wani ya tsallaka da shi, wai idan an isa za a gyara takardu, ya kamata ya nemi ganin takardar ɗaukar aiki da sunan kamfani tun yana gida. Idan babu, to gonarsa ta fi masa wannan tafiya.

Sha'anin kuɗi ma yana da tarko. Sefa ake kashewa a can, amma ta Afirka ta Tsakiya, irin ta Kamaru, Chadi da Gabon. Sefar Nijar da Benin, wadda ake canzawa a kasuwannin kan iyakar Kebbi, darajarta ɗaya da ta can a lissafi, sai dai mai shago a Malabo ba zai karɓe ta ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne riƙe yuro, domin an ɗaure sefa da ita a farashi tsayayye: yuro 1 kusan sefa 656 ne. Katin bankin Najeriya ba abin dogaro ba ne a can. A raba kuɗin gida biyu ko uku, wani a lalita a jiki, wani a cikin jaka. Wanda zai fita da abin da ya haura dalar Amurka 10,000 wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastan. Malabo gari ne mai tsada, domin yawancin abinci da kayan masarufi shigo da su ake yi ta jirgin ruwa, don haka a yi wa guzuri lissafi mai yalwa.

Zuwa Abuja daga Mahuta ana iya bi ta Dabai da Zuru, Rijau, Kwantagora, Tegina da Minna, ko ta Koko da Yawuri a haɗe a Kwantagora. Saboda halin tsaron da yankin ke ciki, a tambayi direbobin tasha hanyar da ta fi lafiya a makon, a yi sammako, kada a yarda da tafiyar dare. Jiragen sama zuwa Malabo suna sauya ranaku da wuraren yada zango, don haka a isa Abuja ko Legas da kwana ɗaya a hannu. Akwai masu bi ta ruwa daga gaɓar Kalaba da Oron cikin kwalekwalen katako. Hanya ce da ta ci rayuka, ga igiyar ruwa, ga 'yan fashin teku, kuma wanda ya sauka a inda babu jami'in da zai buga masa hatimin shiga ya zama mai laifi tun daga ranar farko. Saƙon da wani ya ba da a kai wa ɗan'uwansa, a buɗe shi a gaban mai shi kafin a karɓa.

Kayan sawa su dace da ƙasar ruwa. Damina a Malabo takan kama daga wajen Afrilu har Oktoba ko Nuwamba, rani kuma gajere ne, Disamba zuwa Fabrairu. A Bata lokacin da ya fi bushewa shi ne Yuni zuwa Agusta. Ƙauyen Ureka a kudancin Biyoko yana samun ruwan da ya haura milimita 10,000 a shekara, kusan ninki goma na abin da ke sauka a ƙasar Zuru. Zafin bai kai na bazarar Kebbi ba, amma iska a jiƙe take: rigar da aka shanya da safe takan kai magariba da danshi, takalmin fata kuma ya yi funfuna a cikin jaka. Yadi mara nauyi, laima, takalmin roba da ledar da za a naɗe takardu sun fi babbar riga mai sitaci amfani. Zazzaɓin cizon sauro yana nan duk shekara, saboda haka a tafi da gidan sauro, a kuma nemi shawarar likita kan magani. Ruwan sha na gora, ko wanda aka tafasa. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu irin na Turai, sai a sayi adafta tun a gida.

Da an sauka, a yi wa fasfo da biza kwafi, a riƙa yawo da takardu ko'ina, domin shingayen 'yan sanda da sojoji suna da yawa. A gaban jami'i a gaisa, a miƙa takarda, a rage magana. Ba a ɗaukar hoton fadar shugaban ƙasa, barikin soja, filin jirgi ko tashar jiragen ruwa, kuma zancen siyasar ƙasar ba na baƙo ba ne. Yana da kyau a je ofishin jakadancin Najeriya a Malabo, ko ƙaramin ofishinta a Bata, a rubuta suna. Sannan a nemi shugabannin Hausawan garin ta wajen masallaci, domin su ne suka san masauki mai rahusa, mai canjin gaskiya da mahaucin da ke yanka yadda ya dace.

Harshe ba ya hana ciniki idan an riƙe kalmomi kaɗan. Gaisuwar safe "buwenos diyas", godiya "girasiyas", tambayar farashi "kuwanto kuwesta", ruwa "aguwa". Musulmi ya haddace "sin serdo", wato ban da naman alade, domin mafi yawan mutanen ƙasar Kiristoci ne mabiya Katolika, kuma ana sayar da naman alade da naman daji a kasuwanni irin ta Semu a Malabo. Kifi, ayabar dafawa, rogo da gwaza su ne abincin yau da kullum. Wanda ya iya burokan Inglishi zai ji daɗin Malabo, inda ake yin Pichi, harshen da ya yi kama da shi, kuma Faransanci yana aiki a wurare da dama. Agogonsu ɗaya da na Najeriya, amma Malabo tana gabas da Mahuta, don haka a bi lokutan sallar masallatan garin.

Ranar ƙarewar biza a rubuta ta a inda ido zai riƙa gani. Mai son ƙarin kwanaki ya nemi sabuntawa tun da sauran lokaci, wanda bai samu ba kuma ya kama hanyar gida kafin ranar ta cika. A canza ragowar sefa zuwa yuro kafin a hau jirgi, a bar wa iyali a Mahuta kwafin fasfo da lambar mai masauki, wadda za ta fara da +240. Zazzaɓin da ya kama mutum cikin makonnin farko bayan dawowa a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita ƙasar da aka fito.