Ɗalibin Larabci Tsakanin Zaure Da Jami'a

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da Littafinsa da harshen Larabci, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi ɗaliban Larabci na jami'a, musamman 'ya'yan Dutse da garuruwan kewayenta, da irin binciken da ya kamata su sa a gaba.

A da, duk ɗan wannan yanki da ya so digiri sai ya kama hanyar Kano ko Zariya ko Maiduguri. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a cikin 1991, aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, sa'an nan jami'ar jiha ta Kafin Hausa, wadda a ke kira Jami'ar Sule Lamiɗo, ta biyo baya a 2013. Watau yanzu ilmin jami'a ya zo har ƙofar gida. To, amma kusantar rijiya ba ita ce shan ruwa ba, sai an zura guga.

Ɗaliban Larabci da ke shiga jami'a iri biyu ne. Akwai wanda ya taso a zaure, ya durƙusa gaban malami ya sauke Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada, watakila har ya haddace Alfiyar Ibnu Malik mai baiti wajen dubu. In an ba shi jimla zai yi mata i'irabi tsaf, ya fassara ta kalma kalma da Hausa, amma a ce ya rubuta wasiƙa ko ya yi magana ta minti biyar da Larabci, sai harshe ya sarƙe. Akwai kuma wanda ya fito daga makarantar aji da allon bango, bakinsa ya saba da gaisuwa da hira, amma in an miƙa masa takarda mai rubutun hannun malaman da, ko layi ɗaya ba zai kai ƙarshensa ba.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Shaihin malamin tarihi Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayaninta a cikin Muƙaddimarsa. Ya nuna cewa sanin ƙa'idojin nahawu abu ne daban, iya harshe kuma abu ne daban, ya kwatanta mai ƙa'ida kaɗai da mutumin da zai bayyana yadda a ke zura zare a allura da yadda a ke ɗinki, amma in an ba shi ƙyalle ba zai iya haɗa riga ba. Maganin da ya bayar shi ne yawan haddace ingantaccen zancen Larabawa, da yawan amfani da shi, har ya zama jiki.

Malaman wannan ƙasa ma ta haka suka ƙware. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya lissafa abin da ya karanta a cikin littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya nuna cewa ya ɗauki Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan jahiliyya shida a wurin wansa Shehu Usmanu, tare da littattafan nahawu. Da ya haɗa ƙa'ida da adabi sai ga shi ya wallafa Bahrul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, da Diya'ut Ta'awili a tafsiri, alhali kuwa bai taɓa zuwa ƙasar Larabawa ba.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari wajen gyara harshen ɗalibai. A 1934 aka kafa makarantar horar da alƙalai a Kano, aka kawo malamai daga Sudan, ita ce ta koma Makarantar Koyon Larabci a 1947, kuma a harabarta ne kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero ta fara aiki a 1960. Har wa yau a 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Borno, domin ɗaliban jami'o'i su je su zauna inda ba a magana sai da Larabci, ko da ya ke rikicin Boko Haram ya tilasta aka kwashe ayyukansa zuwa Maiduguri. Wannan duk ya taimaki harshe. Abin da ya rage shi ne ido, watau iya karanta abin da magabata suka bari.

A nan ne bincike ya shigo. Dokta Aliyu Abubakar ya fitar da littafinsa a kan al'adun Larabci a Nijeriya a 1972, Farfesa Shehu Galadanci kuma ya fitar da nasa a kan tafiyar harshen Larabci da adabinsa a wannan ƙasa a 1982. Wani Bature mai suna John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan a 1964, sa'an nan a 1995 ya fitar da babban kundi mai ɗauke da sunayen mawallafan wannan sashe na Afirka da littattafansu. Waɗannan bayin Allah ba a ɗakin karatu kaɗai suka zauna ba. Takardun da suka dogara da su daga gidajen malamai aka samo su, wasu kuma yanzu suna ajiye a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Tarihi na Jos.

Amma fa mai bincike bai isa ya shiga kowane gida ba. Duk wanda ya san zaurukan malamai a Dutse da Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun da Ringim ya san akwai gafakoki da a ka gada kaka da kakanni, cike da littattafan fiƙihu da waƙoƙi da wasiƙu da takardun shari'a. Sau da yawa in malami ya rasu sai a raba littattafansa kamar sauran gado, wannan ya ɗauki rabin littafi, wancan ya ɗauki rabi, abin da ya saura kuma gara da ɗigar damina su ƙarasa shi. Takardar da ba ta da kwafi in ta lalace ta tafi ke nan, ta tafi da sunan mai ita da sunayen malamansa.

Saboda haka ɗalibin da zai rubuta kundin kammala digiri, maimakon ya sake tauna abin da Misirawa suka gama taunawa a kan Mutanabbi ko Shauƙi, gara ya duba gida. Da farko ya koyi rubutun, domin a hannun Magaribi da malaman nan ke amfani da shi harafin fa'un ɗigonsa a ƙasa ya ke, ƙafun kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Sa'an nan ya san cewa ba a ɗinke waɗannan littattafai ba, warƙoƙi ne a sake, kuma kalmar da a ke rubutawa a gindin shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita a ke mayar da abin da ya hargitse. Ya duba ƙarshen littafi, inda mai kwafi ya kan rubuta sunansa, wani lokaci har da ranar da ya gama. Ya ɗaga takardar a haske, in ya ga tambarin jinjirin wata uku, to, irin takardar nan ce ta Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta hanyar Tarabulus. Kada kuma ya raina ƙananan bayanai na ajami da ke gefen shafi, domin su ne muryar malamin yana fassara wa almajiransa.

In ya sami kwafi biyu ko uku na littafi ɗaya, sai ya gwada su, ya fitar da matani ingantacce, ya nuna inda suka saɓa. Wannan shi a ke kira tahƙiƙi, kuma ba ya yiwuwa sai da nahawun zaure da tsarin jami'a gaba ɗaya. Ta wannan hanya ɗan zaure zai koyi rubuta Larabci da kansa, ɗan aji kuma zai koyi durƙusawa gaban tsoho ya tambaya.

Akwai ladubba da ya wajaba a kiyaye. Littafin gado amana ne, kada a ɗauki hotonsa sai da izinin magada, kada a fita da shi daga gida in ba su yarda ba, kada kuma a ɓoye sunan gidan da a ka same shi. Su ma magada ya kamata su sani cewa hana ɗalibi ganin littafi ba tsare shi ba ne, domin hoton da wayar hannu za ta ɗauka yau shi zai saura in takarda ta ƙare. Malaman jami'a kuwa, su ne za su nuna wa ɗalibai wannan hanya tun kafin su zaɓi abin da za su rubuta a kai.

Allah ya jiƙan malaman da suka rubuta, ya ba na baya ikon riƙe amana, ya sa ilmin ya zama mai amfani duniya da lahira, amin.