Fulawar Burodi da Fulawar Ado: Kalmomin Ingilishi Masu Furuci Ɗaya a Kunnen Bahaushe

Bahaushe yana kiran garin alkamar da ake yin burodi da shi fulawa, yana kuma kiran furen da ake shukawa don ƙawata gida fulawa. A haɗe Hausa ta aro su, domin a Ingilishi *flour* da *flower* furucinsu ɗaya ne, rubutu kawai ya raba su, kunne kuwa ba ya jin rubutu. Asalinsu ma kalma ɗaya ce: mafi kyawun garin alkama shi ake kira furenta, kuma ƙamusun Samuel Johnson na 1755 rubutu ɗaya ya bai wa ma'anonin biyu. Irin waɗannan kalmomi da suka yi tarayya a furuci suka sha bamban a ma'ana, a nan za mu kira su tagwayen furuci.

Batun ya wuce wasa ƙwaƙwalwa. Kundin sake fasalin ƙasa da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla za su kasance malaman Ingilishi a kwalejojin karkara. Mu ɗauki yaron da ya tashi a Rumbu (Roumbou a rubutun hukuma), cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi: Hausa a gida da kasuwa, Faransanci a firamare, sai Ingilishi idan ya shiga kwaleji. Jerin tagwayen da littattafai ke ba shi an tsara shi ne bisa kunnen Baturen Ingila. Ga wannan yaro kuwa tagwayen iri biyu ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki.

Iri na farko su ne tagwaye na asali, waɗanda Baturen kansa ba ya rarrabewa da kunne. Tarihi ne ya haife su. William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476, rubutu ya fara zama wuri ɗaya, furuci kuwa ya ci gaba da tafiya. A da ana furta *k* ta farkon *knight*, wato jarumin doki, da *w* ta farkon *write*, rubutawa. Da suka faɗi daga baki sai *knight* ta yi daidai da *night*, dare, *write* kuma ta haɗu da *right*, dama ko daidai, da *rite*, ibada ko al'ada, wadda aka aro daga Latin. Haka *meet*, haɗuwa, da *meat*, nama: wasulansu daban suke a da, babban sauyin wasulan da Ingilishi ya yi tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 da abin da ya biyo bayansa suka narkar da su wuri guda. Rubutun Ingilishi ke nan hoton furucin kakanni.

Ko a nan sai malami ya tambayi kansa wane Ingilishi yake koyarwa. A kudancin Ingila ba a furta *r* sai idan wasali ya biyo ta, don haka *court* da *caught* tagwaye ne, haka *source* da *sauce*. Mafi yawan mutanen Amurka suna furta ta, saboda haka a bakinsu ba tagwaye ba ne.

Wannan iri na farko ba baƙo ba ne ga yaron Rumbu. Ya sha fama da shi a shifta ta Faransanci, inda *ver*, *vers*, *vert* da *verre* suke fita da murya ɗaya alhali tsutsa daban, wajen wuri daban, kore daban, gilashi daban. Hausa ma tana da nata, kamar *ja* na launi da *ja* na igiya. Sai dai abin da ya fi yawa a Hausa shi ne akasin haka, rubutu ɗaya furuci biyu: *gari* na mutane da *gari* na tuwo tsawon wasali ya raba su, *kuka* na hawaye da *kuka* ta miya karin sauti ya raba su, haka *wuya* na jiki da *wuya* ta wahala. Bahaushe ya saba karanta abin da ba a rubuta ba ta hanyar duba jimla. Wannan gwaninta ce da ya zo da ita daga gida, kuma ita ake buƙata.

Iri na biyu shi ne wanda littattafan suka yi shiru a kansa, kuma a ganina ya fi haɗari: kalmomin da Bature ke ji daban amma tsarin sautin Hausa ya mai da su tagwaye. Hausa ba ta bambanta *p* da *f* a matsayin ƙwayoyin sauti biyu, shi ya sa muke da fensir, fasinja, fenti da famfo. Ba ta da *v*, shi ya sa muka sami direba da talabijin. Sakamakon haka *pan* da *fan* kan zama ɗaya, haka *vote* da *boat*. A Hausar yamma, wadda ake yi a ƙasar Maraɗi, akwai ƙari: ana cewa hwari da tahi da hita inda daidaitacciyar Hausa ke da fari da tafi da fita. Wanda bakinsa ya saba da haka yana iya haɗa *fit* da *hit*, ko *feel* da *heal*, matsalar da Bakano ba lalle ya sani ba. A nan Faransanci ya yi wa yaron rana, domin tun yana firamare an tilasta masa raba *pain*, *faim*, *vin* da *bain*.

Inda Faransanci ba ya taimakawa shi ne sautukan da ake rubutawa da *th*, domin shi ma ba shi da su. Bahaushe da Bafaranshe duka *s* da *z* suke sawa a gurbinsu, sai *think* ta koma *sink*, *thick* ta koma *sick*, *mouth* ta koma *mouse*. Tunani ya zama nutsewa, baki ya zama ɓera.

Wasula sun fi ban mamaki. Hausa tana da wasula biyar, gajeru da dogaye, don haka mutum zai zaci *ship* da *sheep* ba za su ba Bahaushe wahala ba. Amma akwai doka a ginin gaɓar Hausa: dogon wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa. Wasalin ƙarshe na *gida* da na *riga* dogaye ne, da zarar an ce *gidan* ko *rigar* sai su gajarce. Wannan doka ce ke bin ɗalibi har cikin Ingilishi, ta gajarce *sheep*, *seat*, *leave* da *pool*, su yi kama da *ship*, *sit*, *live* da *pull*. Ɗan makiyayi ya tashi cewa tunkiya, mai sauraro ya ji jirgin ruwa.

Tunda tushen ya bambanta, aikin aji ma dole ya bambanta. Tagwaye na asali ba su da magani a furuci. Malamin da ke furta *k* ta *knight*, ko yake ƙirƙiro bambanci tsakanin *meet* da *meat* don sauƙaƙa wa yara shifta, yana koya musu Ingilishin da babu mai yin sa a yau. Abin yi shi ne a sa kowace kalma cikin jimlarta, a haddace rubutunta tare da ma'anarta, kamar yadda aka yi da *vert* da *verre*. Iri na biyu kuwa da kunne ake farawa kafin baki, da baki kafin alli. Game da tsawon wasali, dokar gaɓar da ta kawo matsalar tana iya zama tsani: a fara da *leaving* da *living*, ko *sleeping* da *slipping*, inda Bahaushe ke jin gaɓar farko a buɗe, ya kama bambancin kamar yadda yake kama na *gari* da *gari*. Idan ya zauna a kunne sai a yanke ƙarshen kalmar, a nemi ɗalibi ya riƙe tsawon a *leave* da *sleep* duk da baƙin da ya rufe gaɓar.