Darasin Kasuwa: Jita-jitar Sabuwar Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Jarin Ɗan Kasuwa

Duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin cewa kamfanin Intel ko AMD zai fito da sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfutar tafi-da-gidanka, masu saye kan dakata, kaya su kwanta a kanti. Wannan ya shafi ɗan kasuwar Sunkani, hedkwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola, da na Jalingo, waɗanda kan saro kwamfutocin gwanjo daga Ikeja ko Kano.

Masana tattalin arziki kan kafa misali da kamfanin Osborne na Amurka. A 1983 ya yi shelar sabon samfuri tun bai shirya ba, dillalai suka janye odar tsohon, kamfanin ya durƙushe a watan Satumba na shekarar.

Sai dai wani sauyin tabbas ne. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 na buƙatar ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 ko sama da haka, in ban da 'yan kaɗan. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka an liƙe ƙwaƙwalwar da allon injin, ba ta sauyuwa.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya bambance sanarwar kamfani da jita-jita, ya duba zubin ƙwaƙwalwa kafin biyan kuɗi, ya kuma riƙa saro kaɗan-kaɗan, domin kwamfutar da ta daɗe a kanti darajarta raguwa take yi.