Renon Jariri a Kwana Arba'in na Farko

A garinmu Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure ta ƙasar Daura, mace kan koma gidan iyayenta idan za ta yi haihuwar fari. Wannan al'ada ce mai kyau, domin mai jego tana samun hutu, ga kuma manya masu koya mata wankan jariri da goyo. Amma akwai abubuwa huɗu da na koya a darasin kiwon lafiya waɗanda nake so in tuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Na farko, dakashi. Wasu kan tatse wannan nono na fari su zubar, wai ba shi da kyau. Alhali kuwa shi ne garkuwar jariri daga cututtuka. A sa shi a nono cikin awa guda da haihuwa. Daga nan nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi, ko da a bazara ne, domin nonon uwa da ruwansa yake zuwa.

Na biyu, cibiya. A yanke ta da sabuwar reza, kada a shafa mata toka ko man goge haƙori, sai maganin da aka bayar a asibiti. Ta nan ne ciwon sarƙe haƙora kan shiga.

Na uku, rigakafi. Da haihuwa ana yin allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, a ɗiga maganin shan inna. Sai a koma a mako na 6, na 10 da na 14.

Na huɗu, lafiyar uwa. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wanka. Saboda haka a sassauta.

Idan jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko idonsa ya yi ɗorawa, a garzaya asibiti, kada a jira ranar suna.

Mai haihuwar fari kunya ba ta barinta ta yi magana gaban manya. Mu da aka sa makaranta, mu ne bakinta. Idan mun je hutu mu bayyana wa Inna da Gwaggo cikin ladabi. Allah ya raya mana.