Darasin Noma: Kafin Ka Yi Wa Ganye Feshi, Duba Saiwa

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan tsaron shuka ne. Shuka ba ta da ƙafar gudu, ba ta da hannun korar ƙwaro. Amma Allah bai bar ta haka nan ba. Ya ba ta makaminta a cikin jikinta.

Makamin shuka

Wata shukar gashi gare ta a ganye. Wata kaurin ganye. Wata kuma ɗaci ko dafi take haɗawa, ƙwaro ya ci ya sha wuya. Abin lura shi ne, wani dafin a saiwa ake haɗa shi. Ɗauki taba. Dafinta daga saiwa yake fitowa, ruwa ya hau da shi zuwa ganye. In saiwar ta lalace, dafin ganye sai ya ragu, tsutsa ta samu sake. Ke nan saiwa ba ruwa da abinci kaɗai take ba shuka ba, har da makami.

Maƙiyan ƙarƙashin ƙasa

Mu ɗauki gyaɗa, tun da kowa ya san ta. Gara da gwazarma suna cin saiwarta a ɓoye. Gara takan huda uwar saiwa ta hau cikin kara. Shukar sai ta yi yaushi ko da ƙasa na da laima, domin hanyar ruwa ta yanke.

Ba kullum cizon saiwa ke kayar da shuka ba. Masu bincike sun gwada a kan auduga. Da tsutsar ƙasa ta ci saiwarta, sai dafin ganyenta ya ƙaru, tsutsar ganye ta rage ci. Wato ɗan cizo yana iya farkar da shuka ta ɗaura ɗamara. Amma haɗa dafi aiki ne, yana bukatar ruwa da abinci.

In fari ya shigo

In ruwa ya ɗauke, shuka takan rufe ƙananan ƙofofin ganyenta don kada ruwan jikinta ya ƙare. Rufewar nan tana rage abincin da take haɗawa. Gara kuwa ta fi yi wa gyaɗa ɓarna a lokacin fari. Ga ƙishi, ga ɓarawo a saiwa. Shukar da ke cikin wannan hali ba ta iya maye ganyen da ƙwari suka ci da wuri.

Akwai kwarkwatar gyaɗa, wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu tsotson ruwan ganye. Ruwan sama mai ƙarfi yakan kakkaɓe su. In aka yi kwanaki babu ruwa, sai su yaɗu. Su ne ke ɗauko kuturtar gyaɗa, cutar da ke sa ganye ya ƙanƙance, shuka ta tsugune ba 'ya'ya. A 1975, bayan babban farin 1972 da 1973, wannan cuta ta lalata gyaɗa wajen hekta 700,000 a arewacin Nijeriya.

Dawa kuma nata halin daban ne. In fari ya kama ta tana ƙarama, dafin ganyenta ƙaruwa yake yi. Shi ya sa dabbar da ta ci irin wannan dawa take iya mutuwa. A tsare awaki da shanu daga gare ta.

Abin da manomi zai yi

1. In ka ga ganye ya yi yaushi ko ƙwari sun taru, tuge shuka biyu ko uku ka duba saiwa. Ruwa ba ya tsami banza. Feshin ganye ba ya kashe gwazarma.
2. Yi shuka da wuri, da zarar ruwa ya zauna.
3. Kada ka bar fili da yawa tsakanin gyaɗa. In ganye ya rufe ƙasa, kwarkwata ba ta cika sauka ba, laima kuma ta daɗe.
4. Zuba takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana jawo gwazarma.
5. Huɗa tana fito da gwazarma waje, rana da tsuntsaye su gama da ita.
6. Tuge gyauron gyaɗa da rani, domin a jikinsa cutar ke jiran damina.
7. Nemi iri mai jure kuturta, kamar SAMNUT 24 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Malamin gona zai nuna maka inda ake samu.

Tambayoyi

1. A ina taba take haɗa dafinta?
2. Waɗanne ƙwari biyu ne ke cin saiwar gyaɗa?
3. Me ya sa ake hana dabbobi cin ƙaramar dawa lokacin fari?

Ku rubuta amsoshin a littafinku, ku kai wa malamin ajinku ya duba. Allah ya ba mu damina mai albarka.